Tsumagiyar Monita: Jawabi Ga Iyaye Da Malamai A Kiyawa



Maganarmu ta yau a kan faɗan ƙananan yara ce a makaranta. Dukanmu mun san yadda ake yi, gama mu ma ta nan muka biyo. Malami zai fita, sai ya miƙa wa monita tsumagiya, ya ce ya kula da masu surutu. Ke nan an koya wa ɗan shekara bakwai cewa mai sanda a hannu shi ne mai gaskiya. Wanda ya sha duka kuwa ba ya mantawa. In an tashi, sai ya huce a kan wanda ya fi ƙarfinsa a hanyar gida. Mu kuma mu ce ai yara ne.

Binciken da aka yi a Nijeriya a 2014 ya nuna cewa yara shida cikin goma suna gamuwa da wani irin cin zarafi kafin su kai shekara 18. Jiharmu ta Jigawa ta sa hannu a dokar kare yara a 2021, amma doka tana Dutse, ba ita za ta shiga aji ba.

Akwai wani wasa da aka fara a Kansas ta Amurka. Malami ya raba aji rukuni-rukuni, a amince da ƙa'idodi kaɗan: ba duka, ba zagi, ba tashi sai da izini. Wanda ya karya, a ja wa rukuninsa layi a allo, ba tsawa, ba bulala. Duk rukunin da layinsa bai wuce iyaka ba ya ci, ko da duka ne suka ci. Ladan ma ba wani abu ba ne, tafi ne ko fara fita tara. Sai ka ga yara da kansu suna kwaɓar juna. A birnin Baltimo an gwada shi a aji ɗaya da biyu tun 1985, aka bi yaran har suka girma, aka tarar maza masu yawan faɗa da suka yi wasan ba su faɗa shaye-shaye da ta'asa kamar takwarorinsu ba.

Kada wani ya ce sai ƙasar Turawa. A gundumar Luwero ta Yuganda an yi gwaji a firamare 42 daga 2012 zuwa 2014, aka horar da malaman rabinsu su tsawatar ba da duka ba, dukan ɗalibai ya ragu ƙwarai.

Mun sani ajujuwanmu cike suke, malami ɗaya da yara rututu, ba ma ɗora wa kowa laifi. Amma wasan nan alli kawai yake ci da minti goma. Roƙonmu shi ne, a taron iyaye da malamai mai zuwa, wanda ke cikin kwamitin makaranta ya tashi ya nemi hedimasta ya bari a gwada shi a aji ɗaya na zango guda, a kuma karɓe tsumagiyar daga hannun monita.