Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Rijiyoyinmu da Dagwalon Masana'antun Kano



Kun tuna malaminmu na labarin ƙasa yana zana mana tafiyar ruwa a allo, muna ta hamma? To, yau aikin gwamnati ya mayar da ni kan wannan darasi.

Idan an yi ruwan sama, wani ya bi kwata ya tafi rafi, wani rana ta shanye, kaɗan ne yake nutsewa ƙasa. Wannan kaɗan ɗin shi yake cika rijiya da burtsatse. A ƙarƙashin ƙasa ma ba ya zama wuri guda, yana gangarawa a hankali har ya ɓullo a fadama ko gindin kogi. Duk abin da ya tarar a hanya kuwa, da shi yake tafiya.

Bari in kai ku Amurka ku ga yadda ake tsoron wannan al'amari. A 1987 majalisarsu ta zaɓi Dutsen Yucca, cikin hamadar Nevada, don a bincika ko za a binne sharar nukiliya a can. Dalilinsu shi ne ruwan sama kaɗan ne, ruwan ƙasa kuma yana can da nisa. Amma a 1996 masana suka ba da rahoton ganin alamar cewa ruwan saman da bai wuce shekara 50 da zuba ba ya bi tsagar dutse ya isa ramin bincike. Ruwan yankin kuma yana gangarawa kwarin Amargosa, inda manoma suke sha daga rijiya. Aka amince da wurin a 2002, gardama ta ci gaba, aka tsayar da kuɗin aikin a 2011. Har yau ba a binne komai a can ba.

To, mu dawo gida. Mu ba mu da sharar nukiliya a Kano, amma muna da majemu da masaƙu a Sharaɗa, Challawa da Bompai. Jimar zamani da sinadarin kuromiyam ake yinta. Dagwalon Bompai yana bin rafin Getsi ya shiga Jakara, har madatsar Wasai. Na Sharaɗa yana bin Salanta zuwa kogin Challawa, wanda birni yake sha daga gare shi. Mu kuwa daminarmu ta fi ta Nevada nesa ba kusa ba, rijiyoyinmu kuma ba su da zurfi. Ashe hanyar guba zuwa randarmu gajeriya ce.

Na taɓa zuwa aiki wata unguwa kusa da wata masana'anta, wani dattijo ya jawo mini guga ya ce in sansana. Wallahi ban iya ba shi amsa ba. Rijiyar mahaifinsa ce, yanzu sai sayen ruwa a wajen 'yan garuwa. Kogi idan ya ɓaci, damina kan wanke shi. Ruwan ƙasa idan ya ɓaci, sai a shekara da shekaru ana fama.

Doka dai akwai ta. Bayan sharar guba da aka jibge a Koko a 1988 aka kafa FEPA, sannan NESREA a 2007. Aiki da dokar ne ya rage.

Roƙona uku ne. Ƙungiyarmu ta ɗauki nauyin auna ruwan burtsatsen makarantarmu sau biyu a shekara, rani da damina. Kowannenmu ya kai ruwan gidansa a auna, ya kuma nisanta rijiya da masai. Waɗanda Allah ya ɗora a kan kujera ko ya ba su masana'anta, a tace ruwa kafin a sake shi, domin 'ya'yanmu ne za su sha.