Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo



Tun da an kawo maganar gina wa makarantarmu sabon ɗakin karatu, ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku in ba ku wani ɗan labari.

Muna aji uku a jami'a, a sashen zanen gine-gine, malaminmu ya ba mu aikin nazarin wani gida mai suna Villa Savoye, da ke garin Poissy kusa da birnin Paris a Faransa. Shahararren mai zanen nan Le Corbusier ne ya zana shi tare da ɗan'uwansa Pierre Jeanneret, aka gina shi tsakanin 1928 da 1931. Fari ne fat, an ɗora shi bisa siraran ginshiƙan kankare, ga dogayen tagogi, rufinsa kuma shimfiɗaɗɗe ne har da lambu a kai. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin kayan tarihi na duniya.

To amma gidan nan yoyo ya riƙa yi. Uwargidan ta sha rubuta wa Le Corbusier wasiƙu tana kukan ruwa da danshi, ga shi kuma da wuyar ɗumamawa lokacin sanyi. A 1940, da yaƙi ya zo, suka tashi daga cikinsa.

Da na zo nawa zanen sai na tuna da soron kakana. Na ɗan karkatar da rufin, na sa indararo, na rage faɗin tagogin arewa. Gabana na faɗuwa na miƙa, don wane ni da gyara wa Le Corbusier? Malam ya duba ya ce na rage wa gidan kyau, amma masu shi za su yi barci da damina. Ya ba ni maki mai kyau.

Yau a ofis zane-zane da yawa ke biyowa ta teburina, kuma tambayata ta farko ita ce: ina ruwan sama zai bi?

Saboda haka ina ba kwamitin gini shawara, kafin a amince da kowane zane, a kai shi gaban ɗalibai da malaman da za su zauna ciki, a ji ta bakinsu. Kuɗin nan guminmu ne, kada mu gina abin da hoto kaɗai zai yi wa kyau.