Ruwan da ke kwance ƙarƙashin yashi

Da zarar bazara ta kama, gulbin Gagare na Kaura Namoda da na Bunsuru da ya bi ta Zurmi sai su koma yashi zalla. Amma ruwan bai tafi duka ba. Ku duba yadda mata ke tona rami a tsakiyar gulbi, su jira ya tsatso, su kwasa da ƙoƙo.

Yanzu da damina ta rikice, ruwa ya zubo kamar da bakin ƙwarya sannan ya ɗauke makonni, wannan yashin abin tattali ne. A Kitui da Machakos na ƙasar Kenya, ana gitta katangar siminti a rafi, yashi ya taru bayanta ya riƙe ruwa. Rana ba ta shanye shi, sauro ba ya samun wurin ƙwai. Manyan gulabe sun fi ƙarfin irin wannan katanga, amma ƙananan rafuka sun dace, kuma injiniyoyin kwalejin fasaha ta tarayya da ke Kaura za su iya auna wuraren.

A ƙauyukan Shinkafi kuwa, inda fita neman ruwa ya zama kasada saboda 'yan bindiga, a fara da indararo da tanki a kowace makaranta da masallaci mai rufin kwano.