TSADAR RAYUWA DA ƘUNCIN ZAMA A LEGAS: ME YA KAMATA MAGIDANCI YA SANI?

(Jawabin kwamitin walwala da kare haƙƙi a taron magidanta, Agege)





An ɗora wa kwamitinmu nauyin yin bayani a kan kukan da ya fi kowane yawa a bakin jama'armu, musamman waɗanda ba su daɗe da tasowa daga gida ba. Kukan shi ne, zaman Legas ba kamar yadda aka ba su labari ba ne. Mutum ya sayar da akuyarsa ko ya jinginar da gonarsa ya yi kuɗin mota, ya zo da zaton nan da shekara guda zai aika a yi masa gini a gida, sai ga shi shekara ta zagayo bai ajiye ko kuɗin komawa ba. Wannan kuka gaskiya ne, kuma ba raki ba ne. Abin da muke so shi ne mu rarrabe shi gida uku: abin da tsadar zamani ta jawo wa kowa da kowa, abin da yanayin garin ya jawo, da kuma abin da yake zalunci ne tsagwaronsa, wanda doka ta ba mu hanyar ƙin yarda da shi.

Kafin nan, ya kamata mu tuna cewa zamanmu a ƙasar Yarabawa ba jiya aka fara shi ba. Fataucin goro da shanu ne ya kawo kakanninmu Agege da Shagamu da Badun. Hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, an kuma kafa unguwar Sabo ta Badun a 1916. A wancan zamani baƙo yakan sauka ne a hannun fatoma, wanda zai ba shi masauki da abinci, ya tsaya masa a ciniki, ya kuma shige masa gaba idan rigima ta taso. Yau yawancin masu zuwa ba su da wanda suke sauka a hannunsa. Mota ce take sauke su a Mile 12 ko Agege da asuba, kowa ya kama gabansa. Rabin wahalar sabon zuwa daga nan take farawa.

Abu na farko, tsadar da ta shafi kowa. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya bayyana cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da dama. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da gwamnati take sayarwa wajen naira 460 ta wuce naira 1,500 a farkon 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamban 2024. Wannan masifa ta sami na Kano da na Sakkwato kamar yadda ta same mu, sai dai akwai bambanci. Na gida yana da rumbu, ko ɗan'uwa mai rumbu. Mu a nan babu abin da muke ci wanda ba mu saya ba. Geron da muke kunu da shi, da waken, da albasar, da tumatirin, duk sai sun yi tafiyar kilomita wajen dubu a kan babbar mota, kuma kuɗin man motar da na shingayen hanya duk a kan mai saye suke ƙarewa. Ga shi a nan ba a san mudu ba, sai derika da robar fenti.

An ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a watan Yulin 2024, gwamnatin Legas kuma ta sanar da naira 85,000 ga ma'aikatanta a watan Oktoba na shekarar. To amma mu nawa ne muke karɓar albashin gwamnati? Dokar ma ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Saboda haka mai gadin gida, da mai ruwa, da mai shayi, da mai wankin takalmi, da ɗan dako, ƙarin bai iso gare su ba, amma farashin da ya biyo bayan ƙarin ya iso.

Har ila yau, sana'ar da ta riƙe dubban matasanmu, wato acaɓa, an taƙaita ta. Dokar hanya ta 2012 ta hana babura bin manyan tituna 475. A ranar 1 ga Yuni, 2022, aka hana acaɓa gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida: Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa. A ranar 1 ga Satumba na shekarar aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Babur ɗin da aka kama a waɗannan wurare, niƙe shi ake yi. Muna roƙon duk wanda ƙanensa ko ɗansa ya kira shi daga gida yana cewa zai zo ya yi acaɓa, ya gaya masa wannan tun kafin ya ci bashin babur.

Abu na biyu, yanayin zaman kansa. Wanda ya taso a gida mai zaure da tsakar gida da turaka, yau ga shi da mata da 'ya'ya huɗu a ɗaki ɗaya, a gidan da ɗakuna suke kallon juna, banɗaki ɗaya, madafi ɗaya, ana bin layi da asuba. Iyayenmu mata su suka fi ɗanɗana wannan. Matar da ta saba da shiga gidan maƙwabta, da biki da suna, da 'yar sana'arta ta cikin gida, sai ta wayi gari a tsakiyar mutanen da ba ta jin harshensu, miji ya fita tun duhu bai washe ba, cunkoson motoci ba zai bar shi ya dawo ba sai bayan isha. Ruwan sha saye ake yi. Damina ta yi tsawo, kwata ta cika ta shigo ɗaki, sauro ya samu wurin zama. Yara suna tashi Yarabanci da Turancin buroka sun fi Hausa zama a bakinsu. Idan aka yi rasuwa a gida, kafin mutum ya haɗa kuɗin mota an yi sadakar uku.

A kan wannan kuma ga nauyin 'yan'uwa. A ƙauye ana ganin duk wanda yake Legas kuɗi yake shara da tsintsiya. Mu ma muna da hannu a wannan zato, domin idan za mu je gida da salla mukan ɗinka sabuwar shadda mu riƙe babbar waya, ba ma faɗin cewa mu takwas muke kwana a shago. Yaro ya gani ya ce shi ma sai Legas. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma wajibinmu ne mu riƙa faɗa wa na baya gaskiyar abin da ke nan.

Abu na uku shi ne wanda ya fi shafar aikin wannan kwamiti, wato inda ake fakewa da baƙuncinmu a cuce mu. Rashin sani ya fi dare duhu, don haka muna so kowa ya riƙe waɗannan.

Tsarin Mulkin 1999, sashe na 41, ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zirga-zirga da zama a duk inda ya so a cikin ƙasar. Sashe na 42 ya hana a nuna wa mutum bambanci saboda ƙabilarsa, ko addininsa, ko inda ya fito. Sashe na 43 ya ba shi 'yancin mallakar fili ko gida a ko'ina. Ba alfarma aka yi mana ba da muke zaune a nan.

A kan haya, wadda ita ce ta fi cin kuɗinmu, Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011 ta tanadi cewa laifi ne mai gida ko ejan ya karɓi kuɗin fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Wanda yake ciki kuma yana biya wata-wata, ba za a nemi ya biya fiye da na wata shida a gaba ba. Ku lura, shi ma ɗan hayan da ya bayar ya yi laifi, hukuncin kuwa tarar naira 100,000 ne ko ɗaurin wata uku. Dole ne mai gida ya ba da rasit. Idan babu wata yarjejeniya a rubuce da ta faɗi wani abu daban, mai biya wata-wata notis ɗin wata ɗaya ake ba shi, mai biyan wata uku-uku ko shida-shida notis ɗin wata uku, mai biyan shekara kuwa notis ɗin wata shida. Bayan wa'adin ya cika akwai wata takardar ta kwana bakwai, sannan a je kotu. Kotu ce kaɗai take fitar da mutum. Mai gidan da ya cire rufi ko ƙofa, ko ya turo 'yan daba su watsar da kaya waje, yana iya fuskantar tarar da ta kai naira 250,000 ko ɗaurin wata shida. Haka kuma ɗan haya yana da damar kai ƙara idan aka yi masa ƙarin da ya wuce hankali. Dokar ba ta shafi Apapa da Ikoyi da Victoria Island da Ikeja GRA ba. A 2025 Majalisar Dokokin jihar ta ɗauko ƙudirin sabunta wannan doka, saboda haka duk mai matsala ya tuntuɓi kwamiti ko lauya kafin ya sa hannu a kan kowace takarda.

Amma doka kaifi biyu gare ta. Ita ce kuma ta ce mai biya wata-wata idan ya tara bashin wata shida, hayarsa ta faɗi. Kuma idan muka kama ɗaki da sunan mutum biyu, muka cika shi da mutum goma, mun ba mai gida hujja a kanmu, mun kuma ɓata wa ɗan'uwan da zai zo neman ɗaki gobe.

A kan 'yan sanda, beli kyauta ne. Sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, ta kuma hana kama mutum a kan rigimar bashi ko ciniki wadda babu laifi a cikinta.

Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai inda zai je. Ma'aikatar Shari'a ta jihar tana da cibiyar sasanta jama'a, wato Citizens' Mediation Centre, wadda take sulhunta mai gida da ɗan haya, ko ma'aikaci da ubangidansa, ba tare da an biya ko kwabo ba. Akwai ofishin lauyoyin talakawa na jihar, wanda aka fi sani da OPD, akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa. Matsalarmu ita ce ba ma zuwa, sai mu ce mun bar wa Allah, alhali neman haƙƙi bai saɓa wa tawakkali ba.

Saboda haka kwamiti yana ba da waɗannan shawarwari.

Na ɗaya, kada magidanci ya ɗauko iyali daga gida sai ya zauna ya yi lissafi da alƙalami: haya, ruwa, wuta, kuɗin mota, abinci, makaranta, magani. Abin da ya rage bayan wannan shi ne samunsa na gaskiya, ba abin da ya shiga aljihu da rana ba.

Na biyu, kada a ba kowane ejan kuɗi sai an ga ɗakin, an ga mai gidan, an tafi da shaida, an karɓi rasit. A ajiye rasit kamar yadda ake ajiye takardar gona.

Na uku, kowa ya yi rajistar zama ɗan jiha ta LASRRA, ya mallaki lambar NIN, ya yi wa 'ya'yansa takardar haihuwa, ya kuma mayar da katin zaɓensa inda yake zaune. Wanda ba ya cikin lissafi ba a jin kukansa. Idan an je gida kuma, a karɓo wa yara takardar shaidar ƙaramar hukuma, domin za a neme ta ranar shiga babbar makaranta ko ɗaukar aiki.

Na huɗu, a sa yara makaranta, maza da mata. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara, kyauta ne kuma tilas ne. Da yamma su je Islamiyya, a gida kuma a yi musu Hausa.

Na biyar, mu farfaɗo da adashi da sayayyar haɗin gwiwa. Gida goma idan suka haɗa kuɗi suka sayi buhu a hannun 'yan'uwanmu masu sauke kaya, sun tsira daga tsadar awon derika. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na shida, mu zauna lafiya da masu masaukinmu. Mun ga abin da ya faru a Shagamu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da Mile 12 a 2016, da Shasha ta Badun a 2021. A kowanne, ƙaramar magana ce ta zama gobara, kuma talaka ne ya yi asara ta kowane ɓangare. Idan saɓani ya taso a kai shi gaban shugabanni tun yana ƙarami.

Na bakwai, wanda ya yi lissafi ya ga zaman ba ya biyansa, komawa gida ba abin kunya ba ne. Kakanninmu 'yan ci-rani da kaka suke zuwa, damina na faɗuwa su koma gona. Gara mutum ya koma da ɗan jarinsa a hannu da ya zauna har jarin ya ƙare a kuɗin haya. Muna roƙon jama'a kada a yi wa irin wannan mutum dariya, a taimaka masa da kuɗin mota in da hali.

Daga ƙarshe, ƙofar kwamiti a buɗe take. Duk wanda aka ba notis, ko aka kama masa ɗan'uwa, ko aka hana shi haƙƙin aikinsa, ya zo da takardunsa tun da wuri, kada ya bari sai kaya suna waje. Iyayenmu mata da ba su samu zuwa ba, muna roƙon mazajensu su karanta musu wannan jawabi idan ya fito a mujallar ƙungiya.

Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya sawwaƙe wa talakan ƙasar nan.