Wayar Hannu Ma Rumfa Ce: Jawabin Ranar Cikar Shekara

Shugabarmu, iyayena, malamanmu na makarantar yaƙi da jahilci, 'yan uwana mata da mazajenmu da suka daure suka zo, sannunku da zuwa. An ce in yi magana a kan hoto da tallar kaya a waya. Ni 'yar kasuwa ce, to yadda na gani zan faɗa.

Kowa a nan ta san yadda kayanmu ke tafiya. Mu soya gyaɗa, mu matse mai, mu murza ƙuli-ƙuli, ranar kasuwa mu kai Dambatta ko Bichi. 'Yan sari su kwashe da araha, su kai birni, su zuba a roba mai murfi, su manna takarda, kuɗi ya ninka. Wahala tamu, riba tasu. Ba zaginsu nake ba, su ma nema suke. Amma matar da ke zaune a Hotoro ko Rijiyar Zaki tana son daddawa ta gaskiya ba ta san da mu ba, mu ma ba mu san da ita ba. Waya ce ke haɗa mu.

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kowa ya koyi tiransifa dole, har tsohuwa mai fura. Wannan wahalar ta bar mana abu ɗaya: yanzu ana iya biyan ki daga nesa, ta OPay ko Moniepoint ko asusun banki, ki je wurin mai POS ki karɓa. Saura kawai mai saye ya ga kayan.

Mafi sauƙi shi ne sitatus na WhatsApp. Abin da kika ɗora yana zama awa 24 ya ɓace, kuma sai wanda kuka ajiye lambar juna zai gani. Don haka duk wadda ta sayi kayanki, ki roƙi lambarta, ita ma ta ajiye taki. Wadda rubutu bai zauna mata ba tukuna ta yi saƙon murya, ba abin kunya ba ne. Sai dai farashi, a rubuta shi. Lamba ba ta gardama. Hukumar ilimin manya ta Kano tun 1980 take, zamanin Abubakar Rimi, ga shi ajin yamma ya zo ya yi mana rana a inda ba a zata ba.

Yanzu maganar da na san ita kuke jira, hoton fuska, wanda yara ke kira salfi. 'Yan mata suna cewa in ba a ga fuskarki ba, ba a yarda da ke. Akwai gaskiya a ciki, don mutum ya fi sakin kuɗinsa ga wanda ya gani. Amma ni a ganina mai sayen abinci hannunki take son gani da tsabtar wurinki. Ki shimfiɗa tabarma mai kyau a tsakar gida da hantsi, lokacin da haske ya wadata, ki goge idon kyamara da gefen zani, ki ɗauki man gyaɗa yana zuba a galan. Ki kore kaji tukuna, don Allah! Wannan hoton ya fi kwalliyar fuska sayar da kaya.

Wadda ta ga dole sai ta nuna fuska, to ta yi shawara da maigida kafin ta ɗora, ta sa hijabinta, kayan su fi ta girma a hoton. Kuma ta sani, ko sitatus ya ɓace, wani ya riga ya kwafe. Ana ɗaukar hoton mace a buɗe shafi a Facebook da wani suna a damfari mutane da shi. Mun kuma ji yadda Hisbah ke gayyatar masu TikTok a Kano. Mu a ƙauye, magana ɗaya a bakin rijiya ta isa ta girgiza aure. 'Ya'yanmu mata kuwa, kada a mayar da su allon talla. Mun sauke musu faranti daga ka don su je makaranta, kada mu sake ɗora musu shi ta waya.

Batun kuɗi, a buɗe kunne. Akwai alat na bogi. Wani zai turo hoton rasit ya ce ya biya, yana gaggauta ki ba direba kaya a tasha. Kada ki saki ko kwano ɗaya sai kin duba asusunki kin ga kuɗin sun shiga. Lambar sirri kuma ko wanda ya ce daga banki yake kira, kada ki ba shi. Banki ba ya tambaya.

Na san da yawanmu ƙaramar waya gare su, ga kuɗin data, ga kuɗin caji. Shawarata ga shugabanni ita ce a cire daga asusun ƙungiya a sayi babbar waya guda, a sa mata layi da sunan ƙungiya, mutum biyu su riƙe ta bi da bi, a riƙa rubuta kowane ciniki a littafi da sunan mai kaya. In an amince, sai a sa shi cikin abin da za a tattauna a taron wata mai zuwa. Allah Ya sa albarka a nemanmu.