Aikin da Ke Neman Lambar Asusunka

Yau za mu yi magana a kan wani tarko da ake ɗana wa masu neman aiki, musamman 'ya'yanmu da suka gama makaranta suna zaune a gida.

Saƙo yakan shigo ta WhatsApp ko Facebook ko Telegram, wai wani kamfani yana neman ma'aikaci, kana ɗakinka za ka yi aikin. Ba ganawa, ba jarrabawa. Aikin kuwa shi ne a turo kuɗi cikin asusunka na banki, alal misali naira 300,000, ka riƙe 30,000 ladanka, sauran ka tura inda aka ce, ko ka cire a wurin mai POS ka miƙa wa wani.

Bari mu yi wa kanmu tambaya. Me ya hana kamfanin aika kuɗinsa da kansa? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuɗin nan na sata ne, an yaudari wani bawan Allah aka raba shi da guminsa. Ɓarawon ba ya so a ga sawunsa, shi ya sa yake aron naka. Ranar da mai kuɗi ya kai ƙara, banki zai bi sawu, sawun kuma a ƙofarka zai tsaya. Tun shekarar 2014 Babban Bankin Nijeriya ya kawo lambar BVN, wadda ta haɗa dukan asusun mutum da sunansa da zanen yatsunsa. Ana iya rufe asusunka, hukumar EFCC kuma ta neme ka. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta shafi wanda ya karɓa ko ya tura kuɗin da ya sani, ko ya kamata ya sani, cewa na haram ne. Saboda haka cewa "ban sani ba" ba lalle ta cece ka ba.

Ga alamun da za mu lura da su. Lada mai yawa a kan aikin da ba wahala. Gaggawa, wai yau-yau za a tura. A ce kada ka gaya wa kowa. A nemi kuɗin rajista, ko katinka na ATM, ko lambarka ta sirri. Kamfanin gaskiya yana da asusunsa, ba ya bukatar na ma'aikaci.

Littafin Misalai sura 29 ya gargaɗe mu a kan haɗa kai da ɓarawo, gama cutar tana komawa kan wanda ya ba shi hannu. Mun san zaman rashin aiki da ɗaci, amma kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

In kuɗin ya riga ya shigo, kada ka taɓa shi. Ka adana saƙonnin, ka je reshen bankinka ka faɗi gaskiya tun kafin a zo nemanka. Iyaye kuma, mu riƙa tambayar 'ya'yanmu irin aikin da suke yi a waya.

Ubangiji ya ba mu hikima, ya buɗe wa masu nema ƙofar abinci mai albarka. Amin. Sai mako mai zuwa.