Aikin Da Ke Bayan Tafiyar Jirgin Ƙasa

Wannan jawabi ne da aka karanta wa manoma da 'yan kasuwa a garin Ambursa, a kan yadda ake kula da jirgin ƙasa na fasinja.



Mutanen Ambursa sun fi sabawa da ganin jirgin sama, tunda filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello yana nan kusa da gari. Layin dogo kuwa bai taɓa shigowa Jihar Kebbi ba. A wannan ɓangare na Nijeriya, dogo ya tsaya ne a Ƙauran Namoda. Ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya isa can a 1929. A da, gyaɗa da auduga da fasinjoji duk ta nan suke bi. Amma an daɗe ba a ga jirgin fasinja yana kai da kawowa a wannan layi yadda aka saba ba. Ƙarfen bai tsufa rana ɗaya ba. Gyara ne aka riƙa jinkirtawa, har abin ya fi ƙarfin ƙaramin gyara.

Tunda jama'a na fatan dogo ya iso Birnin Kebbi wata rana, kuma da yawa suna shiga jirgi idan sun je Kaduna ko Abuja, ya kamata a san aikin da ke riƙe da shi.

Aikin yana farawa ne daga ƙasa, ba daga kan jirgi ba. An raba layin dogo kashi-kashi. Kowane kashi yana da leburorinsa da helumansu. Akan tura mutum ya bi layin da ƙafa, yana duba ƙarafuna biyun nan da jirgi ke takawa. Yana duba noti ko ya kwance. Yana duba ginshiƙan da aka shimfiɗa ƙarfen a kansu, ko na katako ne, ko na ƙarfe, ko na siminti. Idan tsakuwar da ke ƙarƙashinsu ta zaizaye, sai a dawo da ita a danne.

Wannan tsakuwa ba ado ba ce. Ita ke ɗaukar nauyin jirgi, ita ke barin ruwan sama ya tsane. Wanda ya kwashe ta don ya yi daɓen ɗakinsa ya bar ƙarfe a kan iska.

Faɗin da ke tsakanin ƙarafunan biyu kuma ba ya son ƙari ko ragi. A tsohon layi, irin na Legas zuwa Kano, milimita 1,067 ne, wato ƙafa uku da rabi. A sabon layin Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, milimita 1,435 ne. Shi ya sa taragon tsohon layi ba ya hawa sabo. Idan faɗin ya buɗe fiye da kima, ƙafar jirgi sai ta faɗa tsakiya.

Kowane lokaci da irin matsalarsa. Da bazara, zafin rana yana sa ƙarfe ya miƙe. Don haka ake barin 'yar tazara a mahaɗar ƙarafunan tsohon layi, kuma ita ce ke ba da ƙarar nan da fasinja ke ji a ƙarƙashinsa. In babu wurin miƙewa, ƙarfen sai ya lanƙwashe. Da damina kuwa, ruwa ne abokin gaba. Duk wanda ya taɓa noman shinkafa a fadamar Gulbin Rima ya san yadda ambaliya ke cinye gaɓa cikin dare ɗaya. Haka take yi wa tudun da aka ɗora dogo a kai idan kwalbati ya toshe. Shi ya sa ake yashe kwalbatoci da lambatu tun kafin ruwan farko.

Sai kuma kan jirgi da taragai. Kafin jirgi ya tashi, makanikai suna duba man gas da baƙin mai da ruwan inji. Ana gwada birki tun daga kan jirgi har tarago na ƙarshe. Ana duba ƙafafun taragai ko akwai tsaga, da ƙugiyoyin da ke haɗa su. Har yashi ake zuba wa kan jirgi, domin ya riƙa barbaɗa shi a kan ƙarfe idan akwai santsi. Ana share taragai, a cika tankin ruwan bayan gida. Babban gyara kuwa sai a ma'aikatar reluwe, irin ta Ebute Metta a Legas, inda hedkwatar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya take. An kafa wannan hukuma a 1955.

A tsohon layi hanya ɗaya ce tak, jirage biyu ba sa giftawa sai a tasha. Saboda haka shugaban tasha ba ya sallamar jirgi sai ya yi magana da tasha ta gaba, an tabbatar masa hanya babu kowa. Sannan a ba direba shaida a hannunsa. Fasinja yakan yi ƙorafi idan jirgi ya daɗe a wata ƙaramar tasha cikin daji. Sau da yawa jiran wani jirgi ake yi ya wuce.

A bakin kowace tasha akwai wurin da layi ke rabuwa biyu, inda ake karkatar da jirgi dama ko hagu. Nan ne ya fi son kulawa. A watan Agusta na 2025, jirgin da ya taso daga Abuja zuwa Kaduna ya sauka daga kan layi a Asham, aka dakatar da zirga-zirga na wasu makonni. A lokacin, layin bai cika shekara goma da buɗewa ba. Wato sabon dogo ma ba ya yafe sakaci.

Akwai kuma ɓarnar da mutane ke yi da hannunsu. Ɓarayi suna kwance noti da ƙarafunan da ke ɗaure layi, su sayar wa 'yan gwangwan. Kuɗin da suke samu kaɗan ne, amma jirgi mai ɗauke da ɗaruruwan mutane ne zai bi ta wurin. Mai saye ma yana da nasa alhakin. Maƙeri ko ɗan gwangwan da aka kawo wa ƙarfen dogo ya san ba a gona aka tono shi ba.

Ga masu zuwa ci-rani ko fatauci a garuruwan da dogo ya ratsa, a riƙe wannan. Jirgi ba mota ba ne. Ƙafarsa ƙarfe ce a kan ƙarfe, kuma ba ya kaucewa. Ko direba ya hango mutum ya taka birki, sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya. Kada a shanya hatsi ko a baza kayan sayarwa a kan layi. Kada a bar shanu su kwanta a kai. Mai amalanke ko babur ya tsaya a mararraba, ya duba dama da hagu, ya saurara, sannan ya ƙetare. Wanda kuma ya ga noti a kwance ko ruwa ya ci ƙarƙashin layi, ya hanzarta ya gaya wa shugaban tasha mafi kusa ko mai unguwa.